Ramin da na haƙa saboda miyar yakuwa

26 ga Agusta

Yau na kafa turaku huɗu na zagaye su da igiya: tsawo ƙafa 24, faɗi ƙafa 10. Gara in fara rubutawa tun yanzu, don na san halina. In kuɗi suka tafi, bayan wata biyu rantsuwa zan yi ban kashe ko rabinsu ba.

Sanyi biyu muka yi a gidan nan, a kudancin gundumar Custer ta jihar Nebraska a Amurka, kuma duka biyun labarin ɗaya ne. Farkon Oktoba raɓar ƙanƙara za ta sauka dare ɗaya, gari na wayewa ka tarar yakuwa da alayyahu da attaruhu sun yi baƙi sun kwanta kamar an sheƙa musu tafasasshen ruwa. Shi ke nan sai watan Mayu. Uwargida ce ta tunzura ni. Ta ce, "Baban yara, mutanen da suka taka wata, a ce ba su da dabarar ɗanyen ganye lokacin sanyi?" Dabara kam suna da ita, ɗakin gilashi ne da ake ɗumamawa da gas, sai dai kuɗin gas ɗin wata ɗaya ya isa a sayi yakuwar unguwa guda a Katsina.

Ni rami zan yi, in rufa shi da abin da haske ke ratsawa. Ƙasa ba ta da saurin fushi irin na iska. In ka nutsa ƙafa takwas a yankin nan, zafinta na tsaye wajen digiri 11, ko ana ƙunar Yuli ko ana ƙanƙarar Janairu. Wanda ya taɓa shan ruwan randar da aka binne gindinta a yashi ya san zancen, sai dai mu nan ɗumi muke nema. Walipini ake kiran irin wannan rami, kalma ce ta mutanen Aimara na Bolibiya, ma'anarta wurin ɗumi.

Mai gidan da muke haya tsohuwa ce da ta haura tamanin. Yara suka sa mata Kaka, mu ma muka bi. Na so in haƙa cikin wani ɗan kwari da ke jikin tudu, yana fuskantar kudu, an riga an yi mini rabin aiki. Ta ce ko ina na yarda, ban da nan. Ashe ɗakin kakanta ne. Ya zo a shekarun 1880 a ƙarƙashin dokar da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ce ka biya dala 18, ka zauna shekara biyar kana noma, eka 160 ta zama taka. Ya zo ya tarar da fili ba bishiya ko ɗaya, sai ya fafe jikin tudu ya shiga da iyalinsa. A cikin ramin nan aka haifi babanta. Na matsa ƙafa talatin gabas.

30 ga Agusta

Na kira lambar waya 811. Doka ce a nan: kafin ka haƙa, a zo a duba ko akwai waya ko bututu a binne. Kyauta ne. Sun zo sun kafa 'yan tutoci, babu komai a inda nake so.

4 ga Satumba

Hutun ma'aikata, na yi hayar ƙaramar katafila. Dala 340 da tirelar ɗaukarta, man dizal 45. Awa ɗaya na yi ina rawa da ita kamar sabon ɗan acaɓa kafin hannuna ya faɗa. Zuwa la'asar rami ya kai ƙafa shida ko'ina.

Ƙasar nan abin mamaki ce. Launin ruwan ƙwai-ƙwai, laushi kamar garin tuwo, ko tsakuwa ɗaya ban ci karo da ita ba. Iska ce ta tara ta tun zamanin da, shi ya sa. In ka yanke ta sai ta tsaya cak kamar an yi mata yaɓe. Na tsaya a ƙasan ramin ina shafa bangon, ina jin sanyinsa a tafin hannu, na ce wannan ko katako ba ya buƙata. Ƙasar da na fitar na tara ta gefen arewa.

6 ga Satumba

Babbar 'yata ta zubar mini da girma yau, cikin ladabi.

Ta leƙo ramin ta ce, "Baba, a Disamba rana ta ina za ta shigo?" Na ce ta sama mana. Ta koma ɗaki ta dawo da littafin lissafinta. Muna kan layi na 41 arewa da tsakiyar duniya. Ranar 21 ga Disamba da tsakar rana, rana ba ta ɗagawa sama da digiri 25 da rabi daga ƙasa. Bango mai ƙafa shida zai jefa inuwar ƙafa goma sha biyu da rabi. Faɗin ramina ƙafa goma. Wato a tsakiyar sanyi, lokacin da aka yi ramin dominsa, ko ɗigon rana ba zai taɓa ƙasan ba.

Na zauna bakin ramin shiru. Zanen da na kwafa na birnin La Paz ne a Bolibiya, can kuwa ko a tsakiyar sanyinsu rana na kaiwa digiri 50. A Katsina ma tana haura hamsin a Disamba, shi ya sa tunanin bai zo mini ba. Ni a kaina rana tsaye take bisa kai. Shekara biyu ina kallonta tana rarrafe ta gefen kudu kamar mai ciwon baya, ban haɗa wannan da wancan ba.

Mun sake zane tare a bayan takardar wuta. Za a bar hanyar tafiya mai faɗin ƙafa uku a jikin bangon kudu, da zurfinta na ƙafa shida, tunda can inuwa za ta faɗa ko ta yaya. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare sai ta gangara ta kwanta can ta bar shuka. Sauran ƙafa bakwai a mayar da ƙasa a ɗaga shi ƙafa uku ya zama kwami. Leɓen kudu a sare ƙafa ɗaya da rabi. In an yi haka inuwar Disamba ƙafa uku ce da 'yan kai.

Ma'ana wajen kashi ɗaya bisa uku na ƙasar da na biya kuɗi aka fitar, da baro zan mayar da ita.

10 ga Satumba

Baro 31. Tafin hannu ya yi bororo.

17 ga Satumba

Daren jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa. Ina kwance ina jin daɗi ana huce mana gari. Da asuba bayan salla na ɗauki tocila na fita. Ramin ya zama kududdufi, ruwa har gwiwa a hanyar tafiya, kuma kusan ƙafa tara na bangon arewa ya zube ciki. Bangon da na shafa nake yabo. Ƙasar nan jarumtarta a bushe take, ruwa na ratsa ta sai ta narke kamar sukari. Tarin da na jibge a bakin ramin ya ƙara mata nauyi, ruwan tudu gaba ɗaya kuma ya bi ta bayansa ya sami hanya.

Abin da ya tsaya mini a rai: shekaranjiya ƙaramin yaron nan a daidai wurin yake zaune yana gina gida da ƙasa. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta kalle ni kawai. Na kafa doka, babu mai sake shiga sai an tokare bango.

Da hantsi jikar Kaka ta kawo ta, wai ta ji an yi ruwa ta zo ganin rufin rumbu. Ta dogara sanda ta zo ta leƙa. Ba ta yi dariya ba, na gode mata. Ta ce in biyo ta. Muka hau saman tsohon ɗakin kakanta, ta nuna mini wani layi a cikin ciyawa, ɗan lotsawa kaɗan, ya lanƙwasa kamar gira a saman kwarin. Sau nawa na taka shi ban gani ba. Ta ce kwalbatinsa ke nan. Kowace shekara sai ya bi da garma ya sabunta, don ruwan tudu ya rabe biyu ya wuce ta gefe. Ta ce kakarta ta sha ba su labarin yadda take riƙe laima a kan murhu tana girki, da yadda suke shimfiɗa yadi a ƙarƙashin rufi don ya tare ƙasa da ɓeraye da macizai. Wata rana saniya ta taka saman ɗakin, ƙafarta ta ɓullo ciki.

Ni na kwana uku ina karatu a intanet, amsar tana kwance ƙafa talatin daga turakuna sama da shekara ɗari.

Fitar da ruwa da bokiti har magariba.

24 ga Satumba

Na sake ɗauko katafila rabin yini, dala 190. Na ja tarin ƙasa baya, na kwantar da bangon arewa ya ɗan jingina maimakon tsayuwa cak, na yanka kwalbati a sama irin na tsohon. Na shimfiɗa bututu mai huji a ƙasan hanyar tafiya cikin tsakuwa, ya fita ta gangaren kudu ya ɓullo fili. Tsakuwa 230, bututu da yadin naɗe shi 110. Na zuba bokiti biyar na ruga ƙasa na tsaya a bakin bututun. Da ruwa ya ɓullo, ihun da na yi har karen maƙwabci ya amsa.

1 ga Oktoba

Ginshiƙai kyauta. Akwai wata bishiya mai kamshi, jan sida, da ta zame wa makiyayan yankin nan annoba, tana cinye musu wurin kiwo. Maƙwabcina ya ce in sare iya ƙarfina har ya ƙara mini da godiya. Ba ta ruɓewa da wuri a ƙasa. Na kafa goma sha huɗu, na jera tsohon kwanon rufi a bayansu ya tare bango.

Bangon ƙofa kuwa na ce da tubalin ciyawa zan yi, irin na mutanen da. Sukan yanko fatar ƙasa da saiwoyinta, kaurin inci huɗu, su jera ciyawar na kallon ƙasa, suna sarƙa su yadda magina ke sarƙa tubali. Har ba'a suke wa kansu suna kiransa marmarar Nebraska. Gida ɗaya kan ci kusan eka guda. Na fara yanka a tsakar gida, kowanne na ɗaga sai ya wargaje. Sai da na je wata kusurwa bayan famfon iska wadda garma ba ta taɓa shiga ba, can na sami saiwa a saƙe kamar tabarma. Kowane tubali ya kai nauyin rabin buhun siminti. Na yi 46 bayana ya ce ya isa. Sun kai ƙugu, sauran da katako.

Makon jiya mun kai yara gidan tarihi na garin Broken Bow, muka ga hotunan Solomon Butcher, wanda ya fara zagaya gundumar nan da kyamara a 1886. Iyali a jere gaban ɗakin ciyawa, sun fito da teburi da keken ɗinki da kankana don a gani a hoto. Kamar hoton salla a ƙauyenmu. Abin da ba ya cikin hotunan shi ne waɗanda suka riga su. Mutanen Pawnee, 'yan asalin ƙasar, sun daɗe a bakin kogunan Loup cikin ɗakunan ƙasa, suna adana masara a ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki, kafin a kwashe su zuwa Oklahoma a shekarun 1870. Filin da aka raba "kyauta" yana da masu shi. Na faɗa wa yara haka a mota.

8 ga Oktoba

Raɓar ƙanƙara ta sauka, ramin ba rufi. Na riga na tumɓuke attaruhu shida da zogale biyu da yakuwa takwas na sa a bokitai. Suna falo. Uwargida na tsallake su tana tsaki.

15 ga Oktoba

Na tambayi kuɗin farantan roba masu ruɓi biyu, aka ce dala 1,400. Na ce a kai kasuwa. A saman rumbu akwai tsofaffin tagogi goma sha ɗaya a jingine, kashin tantabaru ya rufe su. Kaka ta ce in ɗiba. Gidan nan ba a zubar da komai. Na ga gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi da aka miƙar da guduma, da tarin kwalaben adana abinci, da wani zanen gado da aka haɗa da buhunan fulawa, sunan kamfanin bai gama gogewa ba.

Na fara kankare tsohon fentin tagogin sai wani abokin aiki ya ce in dakata. Fentin gida na kafin 1978 yakan zo da dalma, ƙurarsa guba ce ga yara. Na sayi abin gwaji, ya nuna akwai. Wanda ya san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba a ja masa kunne sau biyu. Na cire gilasan kawai, na naɗe firam ɗin a leda, na sake sababbi. Biyu sun fashe a hannuna. Saura tara, sun isa fuskar kudu, sama kuma leda ruɓi biyu.

22 ga Oktoba

An rufa. Fuskar gilashi a miƙe take sosai, wajen digiri 60, don ta fuskanci ranar sanyi, dusar ƙanƙara kuma ta zame. Duro takwas na lita 200 na shafa musu baƙin fenti na cika da ruwa na jera a bangon arewa, su sha rana su yi amanta da dare.

Lissafi: katafila sau biyu da mai 575, tsakuwa da bututu 340, leda 175, katako 260, ƙusa da tarkace 85, duro da fenti 140, soson tare sanyi 140. Jimla 1,715. Na ce wa uwargida 1,200 zai isa. Ta ce, "Allah ya sa yakuwar ta zinariya ce."

An kwashe bokitai daga falo. Na shuka lansir, latas, karas, albasa da wani kabeji mara dunƙulewa da Turawa ke ci.

28 ga Oktoba

Duk tsorona sanyi ne, sai ga zafi ya fara yi mini ɓarna. Na fita aiki da sassafe ana digiri 2, na rufe ko'ina ruf. Rana ta fito tar. Da na dawo na buɗe ƙofa, wani hucin ya buge ni kamar na leƙa tanderun burodi. Ma'auni ya riƙe 47. Latas da ya fara tsiro ya narke ƙurmus. Yakuwa da zogale kuwa sun miƙe suna walwali, su sun ga gida.

Na sayi wani ƙarfe mai wani irin kaki a ciki, zafi na narka kakin sai ya tura taga ta buɗe da kanta, dala 38. Ma'aunin zafi biyu, 30. Jimla 1,783. Sake shukar latas.

5 ga Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, yadda ake yi a nan in sanyi ya shigo. Yanzu ina dawowa aiki duhu ya yi. Ban ruwa da tocila.

12 ga Nuwamba

Kaka ta ce mahaifiyarta da kashin doki take tayar da irin tumatir tun ƙanƙara ba ta narke ba. A haƙa rami, a danƙara ɗanyen kashin doki da ciyawa kaurin ƙafa biyu, a rufe da ƙasa, a kifa tsohuwar taga. Yana ruɓewa yana ba da zafi. Maƙwabci na da dawaki uku, na cika bayan mota.

Ina cikin lodi Inna ta kira ta bidiyo. Ta ce, "Me nake gani haka?" Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, Amurka ka je ka koma kwasar kashin doki? Da ka faɗa ai da na tara maka a nan." Na ce mata Turawan da suka kafa gonar nan da busasshen kashin shanu da totuwar masara suke girki, da toka da kitse suke sabulu. Ta ce to me ye abin labari a ciki? Na ce a nan gidan tarihi ake kai shi, a biya kuɗi a kalla. Ta ce in tambaya ko suna neman ma'aikaciya.

Kuskurena gaggawa. An ce in jira mako guda ko fiye zafin farko ya sauka. Kwana uku na yi na dasa. Ma'auni a cikin takin ya haura 55, ga wani wari mai shiga ido ya cika ramin. Duk abin da na dasa a kai ya ƙone, ganyen attaruhu biyu na kusa ma ya yi ruwan toka. Na buɗe ƙofa yini guda, na yi asarar ɗumin da duro suka tara.

26 ga Nuwamba

Mun ci lansir na farko da ƙuli-ƙuli. Kwano ɗaya, mutum shida.

Ɓeraye sun gano wurin, sun cinye kan karas layi guda. Tarko huɗu. Rufi na ɗiga da safe, fumfuna ta fara kama gindin latas. Na rage ban ruwa zuwa sau ɗaya a mako.

9 ga Disamba

Yakuwa ta tafi. Tun tsakiyar Nuwamba ta daina sabon ganye ta hau fure tana ƙanana, daga nan ganyen ya bi ɗaya-ɗaya. Sanyi bai taɓa sauka ƙasa da digiri 5 a ciki ba, amma biyar ɗin ma ba wurin zamanta ba ne. Uwargida ta tsinke ragowar, ya yi miya ɗaya. Da na lissafa kuɗin miyar a zuci sai na ƙara loma.

21 ga Disamba

Na ɗauki hutun rabin yini don in ga inuwa. Da rana ta kai tsakiya na shiga da 'yata da tef. Inuwar leɓen kudu ta rufe hanyar tafiya ta hau kwami da inci huɗu. Lissafinta ya fita. Na ba ta dala goma.

Babu abin da ke girma. Latas yadda yake makonni uku da suka wuce haka yake, kore shar, a tsaye kamar hoto. Yini ya koma awa tara da 'yan mintuna, kuma in ya gaza awa goma yawancin ganye sai ya tsaya. A nan haka zai kasance daga wajen tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Wato abin da za a ci a sanyi, tun Satumba ya kamata ya girma, ramin ajiye shi kawai zai yi da ransa. Ni kuwa a Satumba ina kwasar laka. Tsohon ɗakin ajiyar Kaka na ƙarƙashin ƙasa, inda suke zuba dankali da kabewa su kuma fake in guguwa ta taso, aikin da yake yi ke nan. Nawa taga kawai ya fi shi.

14 ga Janairu

Kwana uku ke nan ba mu ga titi ba. Iska daga arewa, dusar ƙanƙara a kwance take tafiya. Kaka ta kira tun ranar 12 ta ce kada in kuskura in fita ramin ba igiya. Ta tuna mini ranar 12 ga Janairu ce ta 1888 guguwar ƙanƙara ta rutsa yara a makarantu a jihohin nan, mutum sama da 200 suka mutu, wasu 'yan taku kaɗan daga ƙofar gidansu. Na ga kamar tsufa ne ke sa ta faɗa, amma na ɗaura igiyar shanya daga ƙofar kicin zuwa ƙofar rami. Daren jiya da na juyo, fitilar gida ta ɓace mini gaba ɗaya, taku ashirin. Igiyar na bi.

Waje digiri 27 ƙasa da sifili. A kan kwami, 1 sama da sifili. A ƙasan hanyar tafiya, 2 ƙasa da sifili, sanyin ya gangara inda aka ce ya gangara. Jikin gilashi ta ciki ƙanƙara ta yi zane kamar lalle. Na lulluɓe gilasan da tsofaffin barguna, na rufe shuka da yadi, na kai jarkoki huɗu na ruwan zafi. Ba wuta, ba gas, tazarar digiri 28 tsakanin ciki da waje. Na tsuguna a cikin duhu ina jin iska na wucewa ta saman kaina, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi kamar farkon damina. Na daɗe ban tashi ba.

Attaruhu huɗu na layin gaba sun mutu. Biyu da ke jingine da duro suna nan. Lansir, albasa, karas da kabeji ko a jikinsu. Latas ya kwanta da safe, da rana ta fito ya miƙe.

21 ga Janairu

Nauyin ƙanƙara ya tsaga leda ta sama wajen tafi biyu. Na liƙe. Ɗarɓa a bayan ganyen kabeji, na wanke da ruwan sabulu.

4 ga Fabrairu

Latas ya motsa. Sabon ganye a tsakiya, ɗan ƙarami kamar kunnen ɓera. Zogale sanda ce tsirara tun Disamba. Na kankare ɓawon da farce: ɗaya ya bushe har ƙasa, ɗaya kore ne daga tafi ɗaya sama da gindi. Na yanke shi daidai nan na bar shi.

Abin da ke gaba. A Alliance, can yammacin jihar nan, wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Russ Finch, ya yi suna da noman lemo a tsakiyar ƙanƙara. Bututu ya binne ƙafa takwas, fanka na zagaya iska ta ciki tana ɗauko ɗumin ƙasa. In ƙasa ta saki a Afrilu zan gwada ƙarami, ƙafa ɗari, in Kaka ta yarda a sake tona mata tsakar gida. Kafin nan sai ƙofa ta biyu, don duk buɗewa ɗaya ɗumin yini nake zubarwa. Shukar sanyi ta baɗi za ta shiga ƙasa kafin 10 ga Satumba. Yakuwa a waje za a yi ta da yawa a shanya, yadda Inna ke yi.

Irin attaruhu da tattasai zan zuba ƙarshen watan nan a kan sabon taki. Na gaya wa maƙwabci ya tara mini. Wannan karon kwana goma zan jira, na rubuta a jikin ƙofa da alli.